Amsa: Shari'ar Musa ta Yahudawa ce, alheri namu?

Salamu ɗan'uwa daga Tawa, ka tambaya wai ko Yahudawa ta Shari'ar Musa suke samun ceto, mu al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, kuma ta alheri. A'a, hanya guda ce. Buɗe Ayyukan Manzanni sura 15 ka gani, wasu sun tada rigima a Antakiya cewa dole a yi ma al'ummai kaciya, har aka kai maganar Urushalima, nan manzo Bitrus wanda shi kanshi Bayahude ne ya miƙe ya ce Shari'ar nan ko kakanninsu ba su iya ɗaukarta ba, su ma ta alherin Yesu za su tsira kamar kowa.

Kuma abin da ke taɓa ni sosai shi ne Ibrahim, an lissafta mishi adalci tun bai yi kaciya ba, manzo Bulus ya ce Shari'a sai bayan shekara 430 da alkawarin da Allah ya yi ma Ibrahim ta zo. Amma kar ka ce Shari'a banza ce fa, ita ke tona mana zunubinmu. Kaciya ma ba ita ke ba da ceto ba: Bulus ya yi ma abokin aikinshi Timoti kaciya saboda Yahudawan yankin, ɗayan abokin aikinshi Titus kuwa ba a tilasta mishi ba. Karanta Galatiyawa 2 da 3 kafin Lahadi, sai mu ƙarasa bayan sujada.