Tambayi Likita: Dole sai likita ne zai danna ƙirjin mara lafiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Watan jiya Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a asibiti, ni ce nake jinyarsa. Wajen ƙarfe 2 na dare kawai na ga ya ɗauke, na ƙwala wa nas kira, ta zo ta taɓa wuyansa sai ta fita da gudu wai za ta kira likita, sun fi minti 10 kafin su dawo sannan aka fara danna masa ƙirji, yayana ma har ya so ya hana wai a ƙyale bawan Allah ya huta. Na san kwana ne ya ƙare amma abin na ci na a rai. Dama dole sai likita ne yake wannan dannawar?
Daga wata mai karatu a Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya jiƙan Baba ya ba ku haƙurin rashi. A'a, ba dole sai likita ba. Wannan dannawar ita ake ce wa CPR, wato ƙoƙarin farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, kuma duk wanda yake tsaye kusa da gadon shi ya kamata ya fara, nas ce, ɗalibi ne, kai ko mai shara ne in dai an koya masa. In zuciya ta tsaya ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, kin ga ashe minti 10 ba wasa ba ne. Ƙa'idar ita ce a duba jijiyar wuya bai wuce daƙiƙa 10 ba, a yi ihu WANI ya je kiran likita, kai kuma ka hau dannawa.

Toh amma bari in gaya miki gaskiya, ban ce da an fara da wuri Baba zai tashi ba. Ko a manyan asibitocin Amurka yawancin waɗanda aka yi wa CPR ba sa komawa gida da rai. Kar ki ɗora wa kanki.

Ita nas ɗin ma ni ban cika ganin laifinta ita kaɗai ba. Da yawanmu ma'aikatan asibiti sau ɗaya aka koya mana CPR a makaranta, wasu ma a allo kawai ba su taɓa sa hannu a kan mutum-mutumin roban nan da ake koyo da shi ba, alhali abu ne da hannu ke mantawa cikin 'yan watanni, shi ya sa satifiket ɗinsa ma duk shekara 2 ake sabuntawa. Ki tsayar da ma'aikaci ki ce dannawa nawa kafin a hura wa mara lafiya iska, wani zai ce miki 15, na babban mutum kuwa 30 ne sai hura iska 2, gudun dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, ana canjin hannu duk minti 2 don wallahi akwai gajiya. Tun 2010 aka ce a fara da ƙirji kafin numfashi, har yau akwai masu bin tsohon tsari.

Ga kuma kayan aiki. Na taɓa aikin dare a wani waje da jakar hura iskar nan ta Ambu tana kulle a kabad, makulli kuma yana jakar wadda ta tashi tun yamma. Gadon ma katifa ce mai laushi, in ba a cusa katako a bayan mutum ba katifar kawai kake dannawa.

Shi kuma yayanki ki faɗa masa ba mugunta ba ce. Abin ba kyan gani, haƙarƙari kan karye har a ji ƙas, kuma hakan ba ya sa a tsaya. Na sha ganin 'yan uwa sun fara salati sun ja zani sun rufe mutum tun yana wannan shaƙuwar da muke ce wa gargara, mu kuwa a wajenmu ita ce alamar a hau ƙirji yanzu-yanzu.