Ku Tambayi Akawu: Ya Yi Yaƙin Iraƙi, Takardar Sallamarsa Ba Ta Nuna Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Maigidana ɗan zangon Kumasi ne, ya shiga sojan ƙasa na Amurka a 2002 a matsayin direban babbar mota. An kai su Iraƙi a 2004, suna jigilar kaya daga Kuwait zuwa sansanin Balad. Wata rana bam ɗin da aka binne a gefen titi ya tashi da motarsa, ya suma. Da ya farfaɗo, ma'aikacin jinyar rundunarsu ya ba shi maganin ciwon kai, washegari ya koma tuƙi. An sallame shi a 2006. Har yau kunnensa na ƙara, kansa na sara, barci sai rabi da rabi. Kwanan nan na zauna na karanta takardar sallamarsa, babu Iraƙi a ciki, babu lambar yaƙi ko ɗaya. Abokinsa da suke kwamba ɗaya yana da bajon CAB, wanda ake ba sojan da ya yi artabu da abokan gaba, wani kuma har da Purple Heart, lambar da ake ba wanda aka raunata a yaƙi. Shi ya ce a bar wa Allah, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Ana iya gyarawa bayan waɗannan shekaru? Zan iya cike fom ɗin a madadinsa? Ɗanmu ya ce ana sayar da lambobin a intanet, ko mu saya mu ajiye masa?

Maman Abdul, Bronx

AMSA

Wa alaikumus salam Maman Abdul. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da wannan tsayuwa. Ana gyarawa, kuma lokaci bai ƙure ba. Sai dai abubuwan da kika haɗa a kulli ɗaya nauyinsu ya bambanta. Sa Iraƙi a takarda abu ne mai sauƙi. Bajon CAB yana samuwa in an sami shaidu. Purple Heart kuwa akwai jan aiki, ba zan ɓoye miki ba.

Na yi aikin akawu a ofishin ma'aikata na bataliya, na san yadda ake haihuwar takardar sallamar nan da ake kira DD-214. Abin da ke cikin fayil ɗin soja ranar sallama shi ake bugawa, abin da bai iso fayil ba babu shi. Soja na zaune a gabanka, jakunkunansa jingine a bakin ƙofa, ido na kan agogo. Ka juyo masa da takarda ka ce ya duba ya sa hannu, sai ya leƙa sunansa, ya leƙa gurbin da ke cewa an sallame shi da mutunci, ya rattaba hannu ya fice. Ba kowa ke tsayawa ya karanta gurbi na 13, inda ake jera lambobi, ko 12f na aikin ƙasar waje, ko na 18 inda ya kamata a rubuta ranar shigarsa Iraƙi da ranar fitarsa ba. Waɗannan gurabe uku za ku duba a kwafin da aka rubuta Member 4 a ƙasansa.

Ku fara da neman fayil ɗinsa gaba ɗaya. Fom SF-180 ake cikewa a aika wa cibiyar adana fayilolin sojoji da ke St. Louis, kuma tsohon soja ba ya biyan ko sisi. In wani ya ce muku ai fayilolin sun ƙone, gobarar da ta tashi a cibiyar a 1973 yake nufi, fayilolin sojojin ƙasa da aka sallama kafin 1960 ta ci, ba ruwanta da maigida. Fayil ɗin asibiti daban yake, na sojojin zamaninsa yana hannun ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, shi ma ku nema. Shaidar zuwa Iraƙi ba ta wuya. Ga umarnin da aka tura rundunarsu da shi, ga kuma takardun albashinsa na wata-wata, inda za ki ga dala 225 na alawus ɗin filin daga. Kuɗi ba ya ɓacewa a littafin gwamnati. Wanda ya yi kwana 30 a jere a Iraƙi tsakanin 19 ga Maris 2003 da 31 ga Disamba 2011 ya cancanci lambar yaƙin Iraƙi, ba sai wani ya yi masa alfarma ba.

Dalilin da abokinsa ke da CAB shi babu, ina zaton lokaci ne. Tun 1943 sojojin da ke yaƙi da ƙafa suke da nasu bajon, CIB, direba ko makanike ko kuku ba ya samunsa ko da harsashi ya yi masa ruwa. Iraƙi ce ta nuna cewa mai tuƙa tankar mai a kan titin Bagadaza yana cikin haɗarin da bai gaza na kowa ba, shi ya sa aka ƙirƙiro CAB a Mayun 2005, aka kuma mayar da shi baya zuwa 18 ga Satumba 2001. Ke nan lokacin da bam ya tashi da maigida bajon ma babu shi. Daga baya wasu rundunoni suka koma suka tattara sunaye, wanda aka canja wa bariki ko yake shirin barin aiki sai sunansa ya zame. Sharaɗin shi ne soja yana wurin da kansa, abokan gaba sun far masa ko shi ya far musu. Bam a jikin motarsa ya cika wannan.

To, abokin nan shi ne jarinku. Ku roƙe shi kwafin umarnin da aka ba shi bajon da shi, domin a ciki akwai kwanan watan harin da sunan runduna. Sannan a sami mutum biyu da suka gani da idonsu, ban da maigida, kowa ya rubuta bayaninsa ya rantse a kai. Bayanin da ke cewa "jarumi ne, ya sha wuya a Iraƙi" ba ya amfanar kowa. Wanda ake so shi ne mai cewa rana kaza, a kan hanya kaza, motata ce ta huɗu tasa ta uku, tsakaninmu kamar mita hamsin, na ga ƙura ta tashi, ni da saje muka ɓalle ƙofa muka jawo shi, bai amsa kira ba sai bayan wasu mintoci. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: mutanen nan suna warwatsuwa, wasu suna rasuwa, wasu suna mancewa. Ko a Facebook ne a nemo su cikin watan nan.

Purple Heart tana da sharaɗi uku, kuma dole su haɗu. Raunin abokan gaba ne suka jawo shi, ya kai a ce sai likita ya yi masa magani, kuma an rubuta maganin a fayil ɗin asibitin soja. Na farko maigida ya cika. Matsalar tana wajen sauran biyun. Buguwar ƙwaƙwalwa tana cikin raunukan da ake karɓa in mutum ya suma, ko likita ya dakatar da shi daga cikakken aiki fiye da awa 48. Amma a 2004 ba a ɗauki irin wannan rauni da muhimmanci ba, in babu jini sai a ce ka tashi ka kama sitiyari. Sai a 2010 aka wajabta duba duk wanda bam ya fashe kusa da shi da tazarar mita 50 tare da ba shi hutun awa 24. Ƙwayar ciwon kai daga hannun ma'aikacin jinya ita kaɗai ba ta isa ba, sai in akwai likita hafsa da ya rubuta cewa raunin ya kai na likita. Ƙarar kunne, raguwar ji, da firgitar da ke bin mutum bayan yaƙi ba sa kawo wannan lambar, komai tsananinsu. Ni ina ganin akwai tauri a wannan ƙa'ida ga mutanen 2003 da 2004, tunda rashin rubutun ba laifinsu ba ne, amma haka take. Don haka in fayil ɗin asibiti ya iso, ku bi shi shafi-shafi. Layi ɗaya tak da aka rubuta a makon, mai cewa ya suma bayan fashewar bam, ya fi wasiƙa goma da aka rubuta bana. In babu, ku nema duk da haka tare da bayanin shaidu, amma kada ki sa rai sosai.

Wurin da za a fara kai buƙatar bajo da lambar shi ne sashen lambobin yabo na hukumar ma'aikatan sojan ƙasa da ke Fort Knox a jihar Kentucky. In suka amince, za su fitar da umarni a gyara takardar. In suka ƙi, ku adana wasiƙar ƙin, da ita za ku wuce gaban kwamitin gyaran fayilolin soja, ABCMR, da fom DD-149. Mutane da yawa suna tsallakewa kai tsaye zuwa kwamitin, a dawo musu da takardunsu bayan watanni a ce ba su bi mataki ba. Kwamitin farar hula ne, kuma kamar alƙali yake a shari'ar gona: ba zai tashi ya nemo miki shaida ba, abin da ke rubuce shi ne gaskiya a wurinsa har sai kin kawo abin da ya rinjaye shi. Doka ta ba da shekara 3 daga ranar da aka gano kuskuren, kwamitin kuma yana da ikon yafe jinkiri saboda adalci. Akwai gurbi a fom ɗin na bayyana dalilin jinkiri, a faɗi gaskiya a taƙaice. Doka ta ce su gama shari'a cikin wata 18, ki shirya wa doguwar jira. Kwafi za ku aika, asalin takardu su zauna a gida.

Cikewa kam kina iya taya shi, amma sa hannu nasa ne. Mata ko ɗa ba sa shigar da buƙata sai mai ita ya rasu ko rashin lafiya ta hana shi. A nan nake so ki bi a hankali. Mutumin da ya ce a bar wa Allah, sau da yawa ba lambar yake ƙi ba, komawa ranar ce ba ya so, rubuta bayanin kuwa zai mayar da shi can. Kada ki tsare shi da biro da daddare. Akwai cibiyoyin da ake kira Vet Center, har da ɗaya a nan Bronx, suna ba wa waɗanda suka je filin daga da iyalansu shawara kyauta. Ƙungiyoyin 'yan mazan jiya irin DAV da VFW da American Legion kuma suna da jami'an da ke taya cike waɗannan takardu ba tare da karɓar kuɗi ba. Duk wanda ya ce ki ba shi dubban daloli ya samo wa maigida Purple Heart, ki yi masa sallama.

Kuma kada ku jira gyaran takarda kafin ku nemi magani da diyya. Kuɗin naƙasa na VA bai dogara da Purple Heart ba, ciwon kai da ƙarar kunne ana iya neman diyyarsu yau, asibitin VA na titin Kingsbridge yana kusa da ku. Inda CAB ke taimakawa shi ne, in an tabbatar mutum ya yi artabu da abokan gaba, doka ta sa VA ta karɓi maganarsa kan abin da ya same shi a fagen fama ko da babu takarda.

Maganar Abdul kuwa, a gaya masa ya ajiye kuɗinsa. Ƙarfen kanti ba ya shiga DD-214, kuma dokar 2013 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi ƙaryar samun Purple Heart ko CAB don ya ci wata moriya. In aka amince da buƙatar mahaifinsa, rundunar da kanta za ta aiko da lambar kyauta, tare da umarnin da ke ɗauke da sunansa.