Ta ina ake shiga aikin binciken tattalin arziki?

Ƙanena, ka ce ka gama karatun tattalin arziki a jami'ar KNUST da ke Kumasi, kana son aikin binciken manufofin gwamnati, amma ka rasa ƙofar shiga.

Fara da alƙaluma. Hukumar Ƙididdiga ta Ghana tana fitar da rahoton hauhawar farashi duk wata, kyauta a intanet. Ka riƙa juya shi a Excel, daga baya ka koyi Stata, manhajar nazarin alƙaluma. Wurin bautar ƙasa kuwa, nemi inda ake bincike, irin ISSER, cibiyar binciken tattalin arziki da zamantakewa ta Jami'ar Ghana da ke Legon, ko CDD-Ghana, cibiyar binciken dimokuraɗiyya da shugabanci.

Abin da ya fi damuna shi ne bayani. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Hajiya mai waakye a Aboabo ba wannan lambar ta sani ba, ta dai san kuɗin jiya ba sa cika mata gwangwanin awo (olonka) na wake yau. Ka koyi fahimtar da ita da Hausa, mutanen zango muna da ƙarancin masu yin haka.

Kada ka hau rediyo ba ka duba alƙalumanka ba, kada kuma ka bari a sa maka rigar jam'iyyar NPP ko NDC tun da wuri. Batun digiri na biyu, zauna da malamin da ya duba aikinka na ƙarshe kafin ka zaɓa.