Za mu sayi tsohuwar masana'anta a Amurka: gwamnati za ta biya kuɗin tsabtace filin?

Tambaya: Ƙungiyarmu a Amurka take, kuma ba ta neman riba. Mun ga wata tsohuwar masana'anta da aka rufe, muna son mu saya mu gina cibiyar koyon sana'a. An ce ƙasar wurin ta gurɓata, amma gwamnati na ba da tallafin tsabtacewa. Mu fara saye, sannan mu nema?

Amsa: Malam, kada ku sa hannu a takardar ciniki tukuna. Tallafin akwai shi, amma sayen gaggawa ne ya fi hana mutane samunsa.

Tushen maganar wata doka ce ta 1980, CERCLA, wadda ta ɗora wa mai fili alhakin gurɓatar da ke cikinsa ko da ba shi ya zubar da gubar ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, kuma ba ta ba wanda alhakin ke wuyansa tallafi. Gyaran dokar da aka yi a 2002 ya buɗe wa mai saye ƙofa, da sharaɗin ya binciki filin kafin ya mallake shi.

Shi ne binciken mataki na ɗaya. Ba a haƙa komai a cikinsa. Ƙwararre zai bi tarihin filin ta tsofaffin taswirori, hotunan sama da bayanan hukuma, ya zagaya wurin, ya tattauna da waɗanda suka san shi. Dole a yi shi cikin shekara ɗaya kafin ranar mallaka, wasu sassansa kuma, kamar ziyarar filin da tattaunawar, kada su wuce kwana 180. A nan ake yawan tuntuɓe: ciniki ya ja lokaci, rahoton ya tsufa, a kammala saye ba a sabunta shi ba. Bayan an mallaki filin kuwa, ba a komawa baya a gyara.

In rahoton ya nuna abin zargi, sai mataki na biyu, inda ake haƙa ramuka a ɗebi samfurin ƙasa, ruwan ƙarƙashin ƙasa da iskar da ke ƙarƙashin daɓe. Ku sa ido kan na ƙarshen nan. Sinadaran wanke ƙarfe suna tashi su zama tururi, su shigo gini ta tsagewar daɓe, kuma ku ɗalibai za ku zaunar a wurin. Kafin ku biya kuɗin binciken daga aljihu, ku tambayi hukumar birninku ko ta jiha, domin da yawansu suna riƙe da tallafin bincike na EPA da ake kashewa kan irin filinku.

Tallafin tsabtacewa sai wanda ya riga ya mallaki filin. Wata doka ta 2018 ta sa iyakarsa dala 500,000 ga kowane fili, mai nema ya kawo kashi 20 cikin 100. Dokar ababen more rayuwa ta 2021 ta ƙara wa shirin tallafin dala biliyan 1.5, aka ɗaga iyakar, aka kuma yafe kason mai nema a wannan kuɗin, don haka sanarwar shekarar da za ku nema ita ce abin dogaro. Gasa ce, ba rabo ba. Za a nemi ku gabatar da hanyoyin tsabtacewa da kuɗin kowace, ku kuma sanar da mazauna unguwa su faɗi ra'ayinsu kafin ku miƙa takarda. Kamfani mai neman riba ba ya samu kai tsaye, sai dai rance daga asusun da birni ko jiha ke juyawa.

Kuɗin nan ba ya gina cibiyar. Na gini sai a nemi wata kafar, kamar EDA, hukumar raya tattalin arziki ta ma'aikatar kasuwanci, ko tallafin raya unguwanni na ma'aikatar gidaje.

Sannan ku tsayar da abin da za ku yi da filin tun yanzu, domin shi ke yanke yawan aikin. Filin ajiye motoci ana iya rufe gurɓatacciyar ƙasarsa da kwalta, a rubuta a takardar filin cewa ba a haƙa ta. Wurin da yara za su yi wasa kuwa, galibi sai an kwashe ƙasar an zuba sabuwa, kuma kuɗin jigilarta zuwa wurin zubarwa mai lasisi yakan cinye kaso mai tsoka na tallafin.