Amsa kan yadda jaridu ke raba wa wakilai fanni

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa da ya tambaya ko a ko'ina ake raba wa 'yan jarida fanni, wannan siyasa, wancan kotu, to ana rabawa, amma kowace ƙasa da salonta.

A Amurka da wuri ake ɗora wakili a kan fanni guda: ofishin 'yan sanda, kotu, majalisar birni, makarantu. Kullum sai ya leƙa, ya duba rajistar ƙararraki, ya buga wa majiyoyinsa waya ko da babu labari. Wakilan White House suna da ƙungiya tun 1914, kuma in wuri ya yi kaɗan, kamar cikin jirgin shugaban ƙasa, 'yan ƙalilan ne ke shiga su rubuto wa kowa. Wakili ya aiko labari, wani daban ne zai gyara ya sa kanu.

Jamus kuwa sassa biyar aka gada: siyasa, tattalin arziki, al'adu, wasanni da labaran gari. A da, mutum ɗaya ne zai rubuta, ya gyara na wasu, ya tsara shafi, har ya yi sharhi.

To Japan ce abin kallo. Sabon ɗauka, ko a jaridar Yomiuri ko a ta Asahi, galibi reshen lardi ake tura shi, a fara masa da 'yan sanda. Da dare ya je ƙofar gidan jami'i ya jira dawowarsa, da asuba ya sake komawa, don a nan ake sakin baki, ba a ofis ba. Bayan 'yan shekaru a dawo da shi hedikwata, sashen siyasa ko na tattalin arziki ko na al'umma. Kowace ma'aikata tana da kulob na 'yan jarida, da ɗakinsu a cikin ginin, tsarin da ya faro tun 1890. In ba ka cikin kulob, samun shiga taron manema labarai ma aiki ne.

Ka ga amfanin: wakili ya san takardu, ya san wa zai kira. Illar kuma, sabo. Wanda kuke shan shayi tare kullum, da wuya ka tona masa asiri, don gobe zai rufe maka ƙofa. Shi ya sa badaƙalar kuɗi ta Firaminista Tanaka a 1974 mujallar wata-wata ce, Bungei Shunju, ta fasa ƙwan, ba jaridun kulob ba.

Mu ma nan Najeriya muna da irinsa, wakilan fadar shugaban ƙasa, na majalisa, na harkar kuɗi, kowa da ƙungiyarsa, ga kuma batun 'yar ambulan, wato kuɗin da majiya ke miƙa wa ɗan jarida, kun gane. Amma wakilin jiha shi kaɗai ne, safe gidan gwamnati, rana kotu, yamma filin ƙwallo.

Ga edita, abu biyu. In binciken ya shafi majiyar wakili, a ba wani daga waje, mai fannin ya taimaka da lambobin waya kawai. Sannan labarin da ya faɗa tsakanin fanni biyu, misali yajin aikin likitoci, na lafiya ne ko na ƙwadago? A taron safe za a ambaci sunan mai shi, in ba haka ba kowa zai ɗauka ɗaya ya rubuta, a wayi gari babu shi a shafi. Wassalam.