Amsoshin Tambayoyinku: Batirin Tsohuwar Kwamfuta, Dalma da Sigarin Lantarki Haɗin Gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni yaron shago ne a wajen masu gyaran waya a Farm Centre, na iya riƙe ayan na liƙin waya da mitar auna wuta daidai gwargwado. Ina ganin bidiyon Turawa a YouTube suna haɗa sigarin lantarki da hannunsu a ɗan akwati, batiri biyu da maɓalli. Ina da baturan 18650, wato na litiyom masu siffar bututu, da na ciro daga tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka. In sa su, ko in sayi sababbin nan masu arha da aka rubuta wa 9900mAh, wato yawan cajin da aka ce suna riƙewa? Daga S., Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sa ko ɗaya daga cikin biyun, kuma da za ka ji tawa, da akwatin ma ba ka haɗa shi ba. Ga dalili, da lissafin da kai ma ka iya.

Abin da ke fitar da tururi a sigarin lantarki 'yar siririyar waya ce da aka nannaɗe aka cusa mata auduga, wuta ta bi ta kanta ta yi zafi. Irin waɗanda kake gani a bidiyo, nannaɗinsu kan kasance wajen om 0.2 (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wuta), wasu ma ƙasa da haka. Batirin 18650 in ya cika fal yana ba da bolt 4.2. Raba 4.2 da 0.2, ka sami amfiya 21, wato yawan wutar da wayar za ta ja daga batirin. Batirin kwamfuta kuwa an yi shi ne ya riƙa sakin wuta kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i, yawancinsu iyakarsu wajen amfiya 5 tun suna sababbi, balle wanda ya yi shekaru yana shan zafi. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. In kuma ka jera biyun kai da gindi, bolt ya zama 8.4, amfiya ta koma 42.

A cikin batirin akwai wata leda siririya da ta raba ɓangarorinsa biyu. Da zafi ya kai wajen digiri 130 sai ta fara narkewa, ɓangarorin su haɗu, zafi ya ƙara haifar da zafi, batirin ya feso iska mai cin wuta cikin 'yan daƙiƙu. Idan yana cikin bututun ƙarfe ko akwatin da ba a huda masa mafita ba, ƙarfen ne zai tarwatse, kuma abin yana daf da bakinka. A watan Mayun 2018 wani mutum mai shekara 38 ya mutu haka a jihar Filorida ta Amurka, ɓaraguzan suka shige masa kai. A Janairun 2019 wani matashi ɗan shekara 24 ya rasu a Tekzas bayan ɓallin ƙarfe ya yanke masa jijiyar wuya. Hukumar kashe gobara ta Amurka ta ƙirga fashewa ko kamawa da wutar sigarin lantarki har 195 daga 2009 zuwa 2016, kuma 61 daga ciki a aljihu abin ya faru.

Batun aljihun nan ya shafe ka kai tsaye. Ɗauki ɗaya daga cikin baturanka ka duba da kyau. Gwangwanin gaba ɗayansa, tun daga gindi har kafaɗa, ɓangaren ragi ne. Ɓangaren ƙari shi ne ɗan faifan da ke tsakiyar kai, kuma abin da ya raba su ɗan zobe ne na takarda ko roba da ledar da aka lulluɓe jikin da ita. Lokacin da ka ɓamɓaro su daga kwamfuta ka fizge ƙarfen da aka manna musu, na tabbata wasu ledarsu ta yage a kafaɗa, wasu kuma an bar musu ɗan tsini mai kaifi. Makulli ɗaya ya kwanta a wurin nan a aljihun wando, shi ke nan.

Su kuwa masu 9900mAh, ƙarya ce aka buga a jikin leda. Batirin 18650 na gaskiya yawanci bai wuce 3500 zuwa 3600mAh ba. Na kirki nauyinsa wajen giram 45 ne ko ɗan sama. Ka ɗora na arhan a sikelin masu zinare, sau da yawa za ka tarar bai kai ba. Baturan da aka yi don jan wuta mai yawa su ne irin Samsung 25R, mai 2500mAh da amfiya 20. Ka lura, shi ma bai kai 21 ɗin da muka lissafa ba. Ga shi 'yan jabu suna sa wa batirin banza rigarsa, sannan kamfanonin Samsung da LG da kansu sun yi gargaɗi cewa ba su yi waɗannan batura don a sa su tsirara a sigarin lantarki ba. Sigarin lantarki na kamfani aƙalla yana da ɗan allo da ke yanke wuta idan waya ta haɗu, ko batiri ya yi ƙasa, ko an danne maɓalli ya wuce kamar daƙiƙa 10. Akwatin bidiyon nan ba abin da ke tsakanin batiri da fuskarka sai maɓalli.

Baturan naka ba asara ba ne. Waɗanda ledarsu ke lafiya kuma suka riƙe caji za su yi tocila, ko ƙaramar fanka, ko abin riƙe wa na'urar intanet wuta idan an ɗauke, muddin ka sa musu allon kariya. Wannan ka san akwai masu saye a Kano lokacin zafi.

Tambaya: Malam barka da aiki. Zan sayi ayan na kaina. Wanne ya fi, kuma wace dalma zan nema? Sannan ko zan iya liƙa waya kai tsaye a jikin batiri? Daga M., Kaduna.

Amsa: Barka kadai. Ayan ɗin nan mai arha da ake sokawa a soket kawai, ba ka da iko da zafinsa, yau ya ƙona maka allo, gobe wuta ta yi ƙasa ya ƙi narka komai. Ka tara kuɗi ka sayi mai madaidaicin zafi. Masu bakin T12 suna yin zafi cikin daƙiƙu kaɗan kuma bakinsu na samuwa. Idan rashin wuta ne matsalarka, duba irin TS100 ko Pinecil, waɗanda ke aiki da batiri ko cajar kwamfuta. Amma ka sani TS100 a bolt 12 ƙarfinsa wajen wat 17 ne kawai, sai ka ba shi 24 yake kai 65. Yawancin aikin allo digiri 320 zuwa 350 ya wadatar.

Dalma iri biyu za ka tarar. Mai 60/40 ko 63/37, wato kuza da dalma, tana narkewa a wajen digiri 183, tana gudu da kyau, liƙinta na sheƙi. Wadda ba a sa mata ƙarfen dalma a ciki ba sai ta kai 217 ko fiye, ta fi wuyar sha'ani ga ɗan koyo. Nemi mai kauri 0.8mm da ke da man liƙi a cikinta. Idan ka ga tana dunƙulewa a bakin ayan, ta yi fari-fari ta ƙi kama waya, jabu ce, mayar wa mai ita.

Ina roƙonka da abu ɗaya. Mu nan Arewa mun san abin da gubar dalma ke yi, tun da a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Can daga dutsen zinare ta fito, amma guba ɗaya ce. Kada ka riƙe dalma da haƙori kamar yadda nake ganin yara na yi idan hannu biyu ya cika. Wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro, kuma ka zauna inda iska ke kwashe hayaƙin man liƙin, don yana tayar da asma.

Liƙa waya a jikin batirin litiyom kuwa, a'a. Zafin ayan ya ninka wanda ke narka ledar ciki. Sayi gidan batiri mai ƙarfen matsewa, ko ka kai wa masu ƙaramar na'urar walda su ɗana maka da zaren nikel.

Tambaya: Malam, maigidana ya daɗe yana shan taba, yana son bari. Wani abokinsa ya ce zai haɗa masa na lantarki a gida, har ruwan ma shi zai dama masa, ya fi arha. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwargida, Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah Ya saka miki, kuma hankalinki ya gaya miki gaskiya. Batun na'urar kin ga abin da na faɗa a sama. Ruwan ya fi tayar mini da hankali. A 2019 wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka, zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum 2,807, 68 suka mutu. Da aka bincika sai aka gano yawanci daga ruwan bayan fage ne mai sinadarin wiwi, wanda aka sirka da wani mai na bitamin E. Man nan ana shafa shi a fata lafiya lau, huhu ne ba ya ɗaukarsa. Shi kuma nikotin ɗin da ake damawa da shi guba ne sosai, kurɓi kaɗan na iya halaka ƙaramin yaro, ga shi ana sa masa ƙamshin mangwaro da alewa.

Hukumar lafiya ta Ingila na cewa sigarin lantarki na kamfani bai kai taba illa ba, amma ba ta ce ba shi da illa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ba ta goyon bayan a tallata shi a matsayin hanyar barin taba. Abin da ta sa a jerin muhimman magungunanta tun 2009 shi ne cingam da filastar nikotin. Ki lallaɓa shi ku je wurin likita ko babban kantin magani a tsara masa yadda zai riƙa ragewa. Idan duk da haka ya nace sai na lantarkin, to ya zama na kamfani a rufe, kuma ya duba ƙarfin: wanda aka rubuta wa 5% yana nufin miligiram 50 a kowace mililita, alhali ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin ya wuce 20.

Tambaya: Ina tsintar shishar aljihu da aka yar, na ga akwai batiri a ciki. Zai yi tocila? Daga A., Jos.

Amsa: Zai yi, ƙanena. Batirin litiyom ne mai karɓar caji, da yawa wajen 500mAh, kuma zubar da irinsu na cikin dalilan da suka sa Birtaniya ta hana sayar da shishar sha-ka-yar daga 1 ga Yunin 2025. Sa safar hannu kafin ka buɗe, audugar ciki jiƙe take da nikotin. Yanke wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ka bar musu tsawo don a kansu za ka yi liƙi. Auna da mita: wanda ya yi ƙasa da bolt 2.5, ko ya kumbura, ko ya lotsa, naɗe bakinsa da salatif ka ware shi, kada ya shiga sharar da ake ƙonawa. Don caji, sayi ɗan allon TP4056 mai kariya. Yana zuwa a saite kan amfiya 1, wanda ya yi wa ƙaramin batiri yawa, sai ka cire ɗan rizistansa mai 1.2k ka sa mai 5k, cajin ya sauko wajen 250mA. Ka riƙa yin cajin a kan siminti kana kusa, ban da kan katifa.