Ki shiga ajin girkin, amma ki yi magana da matar gidan da kanki

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Sau biyu na karanta tambayarki, inda kika ce za ki raka maigida Osaka na mako biyu, kina son ki biya a koya miki girkin Japanawa a gidan wata mata, amma hankalinki bai kwanta da abin da za a zuba a tukunya ba. Wallahi abin da kike tsoro shi ne ya same ni a Kiyoto, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Ta hannun wani kamfanin intanet na yi rajista, irin masu haɗa baƙi da matan gida. Na rubuta musu ɓaro-ɓaro cewa ni Musulma ce, ba na cin alade, ba na kusantar barasa, suka amsa cewa sun isar da saƙon, ashe ko kalma ɗaya ba su faɗa wa matar gidan ba. Dattijuwar da ta karɓe ni za ta kai shekara 70, ta tarye ni a bakin ƙofa da fara'a, ta ɗaura mini rigar girki da hannunta. Muka fara da romon da suke kira dashi: ta jiƙa busasshen ganyen teku mai suna kombu kamar minti 30, ta ɗora a wuta, ta tsame shi kafin ruwan ya tafasa, sannan ta watsa busasshen kifin da aka kankare kamar ɓawon fensir, ta ba shi minti biyu ta tace. Ina ta rubutawa, ina jin daɗi.

Sai ta ɗauko wata kwalba ta tsiyaya a cikin romon, ta miƙo mini cokali na ɗanɗana, har na yaba mata zaƙinsa. Bayan na haɗiye ne na ɗora wayata a kan kwalbar don ta fassara mini rubutun. Mirin ne, wani ruwan girki mai zaƙi da ake yi da shinkafa, kuma na ainihi yana ɗauke da barasa kusan kashi 14 cikin 100. Jikina ya mutu. Ban gama dawowa hayyacina ba ta buɗe firiji ta fito da yankakken naman alade. Na juya na kuskure bakina a wurin wanke-wanke a kan idonta, kuma wannan shi ya fi damuna, domin na ga yadda fuskarta ta canza, tana zaton girkinta na ƙyamata. Da ta gane, ta yi ta sunkuyawa tana ba ni haƙuri, ta ɗauko takardar da kamfanin ya aiko mata, sunana kawai ne da lokacin zuwana. Baiwar Allah ta sayi cefane da kuɗinta, ta shirya tun safe, aka bar ta da kunya a cikin gidanta. Na san Allah ba Ya kama bawa da abin da bai sani ba, amma daren nan ban yi barcin kirki ba. Sau uku na rubuta wa kamfanin, sai a na uku suka amsa cewa ai an yi ajin, ba a mayar da kuɗi, kuma wai barasar tana ƙonewa a wuta. Wato su ne za su yanke mini abin da ya halatta gare ni!

Duk da haka ina cewa ki je, amma ki nemi hanyar magana da matar kai tsaye, ki aika mata da saƙon cikin Japananci. Kada ki tsaya a kan kalmar barasa, ki ambaci mirin da giyar shinkafarsu da ake kira sake da sunansu, domin a wurin yawancinsu kayan ɗanɗano ne kamar yadda muke ɗaukar magi. Shoyu, ruwan waken soya mai gishiri, da miso ma, wanda zai tuna miki da daddawa, akwai waɗanda ake ƙara wa barasa don su daɗe. Daga Osaka zuwa Kobe kusan rabin awa ne a jirgin ƙasa, kuma kusa da masallacin Kobe, wanda aka gina a 1935, akwai shagunan halal. Ki sayi naki shoyu da miso ki tafi da su, ki kuma samu ki yi salla a can.

Tunda Osaka ce, da wuya ba a ce za a koya miki okonomiyaki ba, wainar fulawa da kabeji da aka fi ɗora wa alade. Ki ce a yi da jatan lande, a nuna miki kwalbar miyar da ake shafa masa. Kaza ma ba yankanmu ba ce, ki tsaya kan kifi da ƙwai da ganye. Ki sa safa mai tsabta, domin a ƙofa ake cire takalmi, kuma banɗaki yana da nasa silifas daban. Kada ki soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, wa mamaci ake yin haka. Ki riƙe mata 'yar tsaraba, kada ki ba ta ƙarin kuɗi, kuma don Allah kada ki makara.

Dattijuwar nan ta zubar da romon, ta wanke tukwane, muka sake sabo, ta gasa mini kifi da gishiri kawai, ta koya mini naɗe wainar ƙwai a kasko mai kusurwa huɗu da sukari a madadin mirin. Na sayi irin kaskon a Kiyoto, da shi nake yi wa yara karin kumallo. Idan kina son kalmomin da za ki tura wa taki malamar, ki yi mini magana in aiko miki.